A fita da ɗalibai su ƙirga abin da ke raye a harabar makaranta

Kirana ga malaman kimiyya da shugabannin makarantu ne. Akwai darasin da ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, wato ɗalibai su gano yawan tsirrai da ƙananan halittun da ke zaune a filin makarantarsu. Ba mai iya ƙirga kowace ciyawa ko kowace tururuwa. Masana kan ƙirga kaɗan ne su kimanta sauran, kamar yadda ake ɗibar ɗan jini a sirinji a gane halin da jiki ke ciki.

A fara da tsirrai, tunda ba sa gudu. A haɗa sanduna huɗu su zama firam mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. A ajiye shi a ƙasa, a ƙirga irin tsiron da ake nema a cikinsa, a rubuta, sannan a sake a wani wuri, aƙalla sau 10. A ce filin mita 40 ne a tsaye, 25 a kwance, ya zama murabba'in mita 1,000. Idan firam 10 sun ba da tsiro 60, kowane ɗaya na da 6 ke nan, filin kuma na da kimanin 6,000. Ciyawa mai yaɗo ba ta ƙirguwa ɗaya-ɗaya, sai a kimanta kashi nawa cikin ɗari na firam ɗin ta rufe.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne wajen zaɓen inda za a ajiye firam. Ka bar yaro da idonsa, ƙafarsa za ta kai shi inda ya fi kore da furanni, ya kauce wa ƙaya da wurin da ƙasa ta bushe. Lissafinsa zai fito daidai, amma amsar ƙarya ce, domin gefen da ya fi kyau kaɗai ya auna. Maganin haka shi ne ƙuri'a. A shimfiɗa igiyar awo a gefe biyu na filin, a rubuta lambobi a ƴan takardu, a zuba a jaka. Wadda aka fara ciro ta nuna mita nawa za a taka a tsaye, ta biyu ta nuna na kwance. Inda suka haɗu nan firam zai sauka, ko da babu komai a wurin, kuma sifilin ma a rubuta shi. Wasu kan ce a juya baya a jefa firam. Ban goyi bayan wannan ba, domin mai jifa ya riga ya zaɓi inda zai tsaya, ga kuma haɗarin a fasa wa wani goshi. A ganina, ɗalibin da ya fahimci dalilin ƙuri'ar nan ya samu rabin darasin.

Idan kuma ana son ganin yadda tsirrai ke sauyawa daga wuri zuwa wuri, a ja igiya daga inuwar bishiya zuwa inda yara ke tattakewa da ƙwallo, a riƙa ajiye firam bayan kowace mita 2.

Su ƙwari dabararsu daban ce. A binne kofin roba bakinsa ya yi daidai da ƙasa, a ɗora murfi bisa ƴan duwatsu don ruwa da rana, a duba da safe, a ƙirga, a sake su. Kada tarko ya wuce kwana ɗaya ba a leƙa ba, manya za su cinye ƙanana. Ga halittu irin su dodon koɗi akwai hanyar da Frederick Lincoln ya yi amfani da ita a Amurka a 1930 wajen kimanta yawan agwagin daji. A kama dodon koɗi 20, a ɗiga musu ɗan fenti marar guba a bayan ƙoƙonsu, a mayar da su inda aka same su. Bayan kwana biyu, sun gauraya da ƴan'uwansu, a sake kamu. Idan an samu 25, biyar daga ciki masu alama, a ninka 20 da 25, a raba da 5, amsa kimanin 100.

A matsayina na ma'aikacin lafiya, ƙidayar da ta fi damuna ita ce ta tsutsar sauro. Ɗalibai su zagaya su lissafa duk abin da ke riƙe ruwa, tsohuwar taya, gwangwani, kwata, ramin da ruwan sama ya kwanta, su rubuta guda nawa ne ke da tsutsa. Tsutsar sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro kwanciya take yi a miƙe ƙarƙashin fuskar ruwa, ta sauran kuwa rataye take, kai ƙasa. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kan ɗauki kimanin mako ɗaya zuwa biyu, don haka zubar da ruwan nan kowane mako yana katse musu hanya. A sake ƙidaya bayan wata guda a ga bambanci.

Don Allah a kiyaye lafiyar yara. Kowa ya sa rufaffen takalmi, ba a cusa hannu cikin rami, dutse kuma da sanda ake ɗaga shi saboda kunama da maciji. Kada su shiga kududdufi neman dodon koɗin ruwa, ta jikinsa cutar tsargiya ke yaɗuwa. Malami ya fara zagaya wurin kafin yara su fito, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama.

A tanadi littafi guda na makaranta, a riƙa rubuta ranar aiki, yanayin sama, girman firam da abin da aka samu. Ajin baɗi su maimaita a irin watan da aka yi aikin bana, da firam iri ɗaya, domin a iya kwatanta ƙidayarsu da ta bana.