Kakin Goge Mota

Kakin goge mota haɗi ne da ake shafawa a kan fentin mota bayan an wanke ta ta bushe, a bar shi ya ɗan sha iska, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Abin da ke saura a jikin motar rufi ne siriri ƙwarai wanda ido ba ya iya ware shi, amma shi ke sa fenti ya yi sheƙi, ruwa ya riƙa dunƙulewa yana gangarewa, datti kuma ya kasa kama jiki. A wuraren wankin mota na Kano da Jigawa an fi kiransa folish. Mai wanki zai ce, "Alhaji, a sa mata folish?" alhali abin da ke hannunsa kaki ne. Sunan ya haɗa abubuwa biyu da aikinsu ya sha bamban, kuma rashin raba su ya ci fentin motoci da yawa.

Asalinsa

Kakin da ake ji da shi a wannan harka shi ne karnauba. Ana samun sa daga ganyen wata bishiya 'yar dangin giginya da goriba, wadda masana tsirrai ke kira Copernicia prunifera, kuma tana fitowa ne a arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Piauí da Ceará da Maranhão. Yankin nan yana da dogon rani da rana mai ƙuna, ita kuwa bishiyar tana lulluɓe ganyenta da kaki ne don kada ruwan jikinta ya ƙafe. Da rani ake sare ganyen, a shanya, a bubbuga har kakin ya zubo kamar gari, sannan a narka a tace. Wanda aka samu daga sabon ganyen da bai buɗe ba shi ne mai launin ruwan ƙwai mai haske, shi ake wa lamba T1, kuma ya fi tsada. Na tsohon ganye yakan yi duhu, ana masa lamba T3 ko T4.

Abin da ya ɗaga darajarsa tauri ne da jure zafi. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin Salshiyos, yayin da kakin zuma, irin wanda masu amya ke tacewa a ƙauyukanmu, ke narkewa tun daga digiri 62 zuwa 64. Ko wanda bai taɓa mallakar mota ba, ya taɓa cin karo da karnauba: ana sa shi a man goge takalmi, da jan baki, da bayan ƙwayar magani, da alewa mai sheƙi, inda ake rubuta shi da lambar E903.

Tsantsarsa ba ta shafuwa, don ɓarɓashi ne mai tauri. Dole sai an haɗa shi da mai da sinadarin da ke sassauta shi, wani lokaci har da kakin zuma. Don haka idan aka ga an rubuta kashi 100 na karnauba a jikin gwangwani, abin nufi shi ne kakin da ke cikin haɗin duk karnauba ne, ba wai gwangwanin babu komai sai shi ba.

Sana'ar ta girmi motar zamani, domin tun kafin ta ana goge kayan katako da kekunan doki da kaki. Kamfanin Meguiar's ya fara ne a Amurka a 1901 da man goge kayan ɗaki, Simoniz ya biyo baya a 1910, Swissvax ya samo asali a Siwizalan a 1930, Ben Hirsch kuma ya kafa kamfanin da ya zama Turtle Wax a birnin Shikago a shekarun 1940.

Fentin da ake karewa

Fentin motar yau hawa-hawa ne. Akwai shafin da ke hana tsatsa a kan ƙarfe, sai shimfiɗa, sai launi, sai kuma shafi na ƙarshe garai-garai kamar gilashi wanda shi ke ba da sheƙi kuma yake tare zafin rana. Wannan tsari ya yaɗu ne tun shekarun 1980. Duka hawan a haɗe kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shafin saman shi kaɗai yakan tsaya a tsakanin 35 zuwa 50, wato bai kai kaurin takardar rubutu ba. Duk kyan baƙar Marsandi ko Lexus a kan wannan ɗan siririn abu ya rataya, kuma idan ya cinye ba ya dawowa sai an sake fenti.

A nan bambancin kaki da folish yake. Folish na gaskiya yana ɗauke da ƙananan ɓarɓashi masu kankarewa. Aikinsa ya share wani abu daga shafin saman don karce ya baje. Kaki ba ya cire komai, ɗorawa yake yi. Wanda ke sa wa motarsa folish mai kankara duk wata yana ganin sheƙi, amma daga jarin fentin yake ci. Alamar ƙarshe ita ce wadda aka saba gani a rufin tsofaffin motoci 'yan Kwatano da murfin injinsu: fari-fari kamar kirci, gefensa yana ɓamɓarewa. Idan an kai nan, babu kakin da zai yi magani. A tsofaffin motocin da fentinsu hawa ɗaya ne, irin Peugeot 504 na da, ana gane aikin folish nan take, don ƙyallen kan fito da launin motar.

Ƙura, rana da ruwa

Da yawa daga cikin waɗannan kayayyaki ana yin su ne a ƙasashen da matsalarsu dusar ƙanƙara ce da gishirin da ake barbaɗawa a titi. A karkarar Kano da Jigawa abokin gaba daban ne, kuma yana sauya kama sau uku a shekara.

Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe. Motar da aka wanke da la'asar kan wayi gari da farin hazo a kanta, har yara su rubuta sunansu da yatsa a gilashi. A kan wannan sai a ƙara yashin jigayin Gumel da Maigatari da Haɗeja, da jar ƙasar hanyar burji. Ƙwayar yashi ta fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Abin da aka saba gani da sassafe a ƙofar gida shi ne direba ko yaron gida ya ɗauko busasshen tsumma, ya kaɗa shi sau biyu, ya bi jikin motar yana murzawa zagaye-zagaye kafin maigida ya fito. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma tamkar ya bi ta da takardar yashi ne. Bayan wata biyu, idan rana ta daki ƙofar, za a ga siraran layuka sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. A baƙar mota da shuɗiya mai duhu abin ya fi fitowa. Farar mota da mai ruwan azurfa suna ɓoye shi. Wannan ɗabi'a ita kaɗai ta fi rana da ruwan sama ɓarna, kuma kakin da ya fi kowane tsada ba ya jure mata, don murzar na ɗauke shi. Taimakon kaki a nan shi ne yana sa ƙurar ta zauna sako-sako, ta yadda watsa ruwa kawai zai tafi da mafi yawanta.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, ƙarfen baƙar motar da ta wuni a rana kuma yana iya wuce 70. Karnauba ba zai narke ba, amma man da ke cikin haɗin yana ƙonewa, rufin kakin ya yi ta sirancewa. Kakin da zai yi wata biyu ko uku a ƙasa mai sanyi, a nan ba a yi masa tsammanin fiye da 'yan makonni idan motar a fili take kwana take wuni. Sai mutum ya nemi inuwa, ita ma da nata: ƙarƙashin darbejiya akwai 'ya'yanta da ke faɗowa su fashe, akwai kashin balbela da na jemage, bishiyoyin ƙaya kuma suna ɗigo da ƙaro. Kashin tsuntsu a kan ƙarfe mai zafi yana iya barin tabo cikin wuni guda. Ba a kankare shi. Jiƙaƙƙen ƙyalle ake ɗorawa ya yi laushi, sannan a ɗauke. Rumfar kwano ko ta zana ta fi kowace bishiya aminci.

Damina ta fi sauƙi, sai dai ruwan farko da ke zuwa da guguwa yana barin ɗigon taɓo, sabuwar kwalta kuma tana fallatsa a ƙasan ƙofofi.

Akwai kuma ruwan wankin kansa. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana da zartsi. Tunda kaki na sa ruwa ya dunƙule, kowane ɗigo da aka bari ya bushe a rana zai bar farin zobe, wanda idan ya daɗe yakan ci cikin fentin. Motar da aka sa wa kaki ta fi buƙatar a tsane ta nan da nan.

Yadda ake shafawa

Rabin aikin wanki ne. Ana yin sa a inuwa, jikin motar da sanyi, da safe ko bayan la'asar. A fara watsa ruwa sosai kafin hannu ya taɓa ta. Masu kula suna ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da aka kwaso ya koma jikin motar. Ko da jarkar 'yan garuwa ake aiki, wannan ba ya ƙara wani ruwa mai yawa. Daga sama ake farawa a gangaro, tayoyi kuma da sosonsu daban. Omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don cire maiƙo, saboda haka suna tafiya da kaki. Sabulun mota ake so.

Bayan ta bushe, a sa hannu cikin siririyar leda a shafa murfin injin. Idan aka ji kaushi-kaushi kamar tsaki, akwai dattin da ya kafe, sai a bi da wani yumɓu na musamman da ake sayarwa don haka, ana fesa ruwan sabulu yana zamewa. Idan akwai karce kuma ana son cire shi, yanzu ne lokacin folish, sau ɗaya, ba kullum ba.

Kakin kansa kaɗan ake lakata a kan soso mai laushi, a shafa siriri ɓangare-ɓangare: ƙofa ɗaya, sai ta gaba. Labta shi da yawa ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Idan ya yi hazo-hazo sai a ja yatsa a kai. In wurin ya fito fes, ya yi, in ya yi danƙo, a ƙara jira. Da hunturu yana saurin bushewa, kuma ƙura na iya sauka a kai kafin a goge, don haka cikin gareji ko rumfa mai kariya ya fi. Ana gogewa da tawul mai tsabta na maikirofaiba, wato mai sirantaccen zare mai laushi, ana juya shi. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aikinsa na ranar.

Ba a sa shi a gilashin gaba, don yana sa abin share ruwa ya riƙa barin dishi-dishi. Baƙar robar bamba da ta gefen taga tana yin farin tabo idan ya taɓa ta. Fenti marar sheƙi, wanda wasu motocin alfarma ke zuwa da shi, kaki na ɓata shi da ƙyalli tsilli-tsilli. Motar da ta fito daga wurin mai fenti kuma ana jinkirta mata wata ɗaya zuwa uku, har fentin ya gama fitar da sinadarinsa. Gwangwanin ma ba a barinsa a but da bazara, domin haɗin kan rabu.

Mai tsada da mai araha

Akwai kakin da gwangwaninsa ɗaya ya haura dala 1,000. Irin wannan an yi shi ne don Ferrari ko Porsche da ke kwana a rufaffen gareji, a fito da ita baje koli. Yana ba baƙin fenti da ja wani zurfi kamar an jiƙa su, kuma wanda ya san abin yana gane shi. Sai dai kuɗin na sheƙi ne, ba na daɗewa ba. Motocin tsere ma ba su cika shiga karkara ba, saboda cikinsu a ƙasa yake, tudun hanyar burji ɗaya ya ishe su. Manyan motocin da ake gani a ɗaurin aure, da ranar Sallah a fadar Kazaure ko Ringim ko Rano, da ranar kasuwa a Wudil, su ne Land Cruiser da Prado da Lexus da Marsandi, kuma waɗannan aiki suke yi cikin ƙura da rana.

Ga irin su, rufin roba, wato wani abin shafawa kamar kaki da aka haɗa da sinadarai a masana'anta, ya fi dacewa, don yana kai watanni kuma ya fi jure zafi. Sama da shi akwai rufin siramik, shi ma shafa shi ake yi, wanda aka gina a kan silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Yana iya shekara ko fiye, amma sai an gyara fentin tas kafin a sa, in ba haka ba ya rufe karcen a ƙarƙashinsa. Wasu kan sa rufin roba a ƙasa, idan biki ya taso su ɗora karnauba a sama don kwalliya. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke tare tsakuwar da babbar mota ke watsowa a hanya. Maganin wannan wata leda ce garai-garai mai kauri da ake mannawa a hancin mota da madubin gefe.

Ana samun waɗannan kaya a shagunan kayan mota na birnin Kano, irin na Ƙofar Ruwa, kuma kamar kowane kaya mai suna akwai jabu, don haka ana duba hatimin murfi da rubutun jikin gwangwani. Hanyar gane ko kakin da aka sa yana nan ita ce a watsa kofin ruwa a murfin inji bayan wanki. Idan ya dunƙule ƙanana-ƙanana ya gangare, yana nan. Idan ya baje ya kwanta, lokacin sake shafawa ya yi.