Kifin ado ya yi laushi: magani za a zuba ko ruwa za a duba?

Kifina ya daina cin abinci, ya lafe a kusurwar tanki. Wane magani zan sayo?

Dakata da maganin tukuna. Yawancin lokaci ruwan ne ya fara lalacewa, ciwon ya biyo baya. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin da yake numfashi, kashinsa da ragowar abinci kuma suna ruɓewa su ƙara ta. Ruwa zai iya zama garau kamar na randa alhali dafi ne a ciki, don amoniya ba ta da launi. Abin da ya kamata ka fara saye shi ne kayan gwajin ruwa, irin na ɗigo da ake kwatanta launinsa da kati. Yana auna amoniya, da naitirait da naitiret, sinadaran da amoniya take rikiɗewa ta zama. Amoniya da naitirait su kasance sifili. Naitiret kuwa kada ta wuce miligiram 40 a lita. Idan ba ka da kayan gwajin a hannu, ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan yau, ka rage abinci, ka ga yadda zai wayi gari.

Sabon tanki ne fa, sati biyu kacal. Me zai lalata ruwansa?

Sabon tanki ma ya fi kashe kifi. A cikin soson filta, wato na'urar tace ruwa, da tsakuwar ƙasan tanki akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani: wasu suna mai da amoniya naitirait, wasu kuma su mai da naitirait naitiret, wadda dafinta ba shi da ƙarfi sosai. Kafin su yi yawan da za su ɗauki nauyin tanki, sai an yi sati huɗu zuwa shida. Wanda ya cika tanki da safe ya zuba kifi goma da yamma, ya sa su cikin ruwan da babu mai share shi. Naitirait tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa za ka ga kifin yana haki a saman ruwa duk da famfon iska yana ta kumfa. Ɗan gishiri yana rage shigarta jiki, amma canjin ruwa a kai a kai shi ne ainihin mafita har ƙwayoyin su kafu.

Nan ne kuma masu tsafta da yawa suke cutar kansu. Mutum ya ga soson filta ya yi baƙi, ya kai shi bakin famfo ya dirje shi tas, wani har da sabulu. Ya kashe ma'aikatansa da hannunsa, tanki ya koma sabo fil. A matse soson a hankali cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin, a mayar da shi da sauran dauɗarsa.

Ruwan famfo ko na burtsatse?

Na famfo yana iya zuwa da kulorin. Idan kulorin ce zalla, ajiye ruwan a buɗaɗɗen bokiti na kwana ɗaya ko biyu yana korar ta. Idan an haɗa ta da amoniya kuwa ba ta tashi da ajiya, sai da maganin gyaran ruwa. Na burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yakan fito da ƙarancin iska, don haka a bar shi ya sha iska kafin a zuba. Kowanne ne dai, zafinsa ya yi daidai da na tanki. Ruwan da ya wuni cikin tankin roba a rana, ko wanda ya kwana waje da hunturu, yana iya jijjiga kifi.

Na ga fararen ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa gishiri, yana goga jiki da duwatsu.

Wannan ciwon farin ɗigo ne, kuma a nan magani yana da wuri. Wata ƙaramar halitta ce take shiga ƙarƙashin fatar kifi. Tana can ciki magani ba ya taɓa ta. Sai ta ƙoshi ta faɗo ƙasa, ta rufe kanta, ta rarrabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito neman kifi. A wannan ɗan lokaci na yawo ne kawai ake iya kashe su. Saboda haka ɓacewar ɗigon ba warkewa ba ce. A ci gaba da magani na wasu kwanaki bayan an ga na ƙarshe. Ga kifayen da suke jure ɗumi, ɗaga zafin ruwa sannu a hankali zuwa digiri 28 ko 30 a ma'aunin Celsius yana gaggauta zagayen. A cire gawayin filta, in ba haka ba shi zai shanye maganin. Kifayen da ba su da ɓawo, dangin tarwaɗa, ba sa jure cikakken awo, a karanta takardar kwalbar da kyau.

Jelarsa tana zaizayewa fa?

Sau da yawa ruwa mai kyau kaɗai yana tsayar da ita, ta sake tofowa. Idan ta ci har kusa da jiki, a ware shi a wani tanki a yi masa magani a can.

Cikinsa ya kumbura, ɓawonsa ya miƙe tsaye.

Gaskiya ba daɗi: ruwa ne ya taru a jikinsa, galibi ƙoda ta gaza, kuma kaɗan ne suke tashi. A ware shi a wuri mai natsuwa.

In an ɗauke wuta da zafi, me zan yi?

Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi ne, ga shi kifi ya fi bukatar iska cikin zafi. Da rana tsaka a watan Afrilu, filta a tsaye, kada ka ba su abinci ko ƙwaya ɗaya. Ka riƙa ɗibar ruwan tankin da kofi kana zubo shi daga sama, ko ka tanadi ƙaramin famfon iska mai batir. Idan wutar ta daɗe ba ta dawo ba, ka zubar da ruwan da ya kwanta cikin filta kafin ka kunna ta, sannan ka gwada amoniya washegari.