Awon Binciken Kimiyya na Ƙasa

Awon binciken kimiyya hanya ce ta ƙididdige maƙalun da masanan wata ƙasa suka wallafa a mujallun ilimi, da kuma sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su a nasu rubutun. Yawan maƙalu yana nuna aikin da aka yi, yawan ambato kuma ana ɗaukarsa alamar tasiri.

Tarihi

Ana yawan kai asalin wannan lissafi zuwa wajajen 1917, lokacin da wasu masana biyu, Cole da Eales, suka ƙirga rubuce-rubucen ilimin ƙirar jikin dabbobi ƙasa-ƙasa. Amma wanda ya tsayar da shi da ƙafafunsa shi ne Eugene Garfield, Ba'amurke, da ya kawo shawarar a 1955. Dabarar daga lauyoyi ya aro ta, domin tun 1873 suke da kundin Shepard mai nuna wace shari'a ce ta ambaci wace. A 1964 cibiyar Garfield da ke Filadelfiya ta fitar da Science Citation Index, manyan kundaye masu ƙananan haruffa da mai bincike yake bi layi-layi da yatsa. Daga gare su Web of Science, rumbun ƙidayar maƙalu na intanet, ya tsiro. Kamfanin Elsevier ya buɗe nasa rumbun, Scopus, a 2004. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin h: wanda nasa ya kai 10 yana da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10.

Bambancin fannoni

Masanan likitanci suna yawan ambaton juna, kuma da wuri. Na lissafi sai a hankali, masana tarihi kuwa littafi suka fi rubutawa. Shi ya sa ake gwada kowace maƙala da takwarorinta na fanni ɗaya da shekara ɗaya. Idan awon ya ba da 1, ta yi daidai da matsakaicin duniya.

A Sakkwato

Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ita ce babbar cibiyar bincike a jihar, kuma daga sashenta na likitancin dabbobi mujallar Sokoto Journal of Veterinary Sciences take fitowa. Malamin da ke neman zama farfesa yakan tattara maƙalunsa a ɗaure su, a aika wa masu tantancewa na wata jami'a. Sai dai manyan rumbunan ƙidayar sun fi karkata ga mujallun Ingilishi, don haka abin da aka rubuta da Larabci ko Hausa da wuya ya shiga lissafi. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne a garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wallafe-wallafe kan magani tun ƙarni na 19, kuma har yau ɗalibai na zuwa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu duba rubutun hannu na magabata.

Saɓani

Sanarwar San Francisco ta 2012 ta yi kira da a daina auna masani da darajar mujallar da ya wallafa a ciki. Jami'o'i da dama ba su daina ba.