Ƙa'idar lambar sirrin rediyon mota da abin da take nufi ga mai shirin sauya batir

Kamfanonin ƙera motoci da dama, irin su Honda da Ford da Renault da Volkswagen, sun daɗe suna bin wata ƙa'ida a kan rediyon da suke sanya wa motocinsu, musamman waɗanda aka ƙera a shekarun 1990 da 2000. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da wuta ta yanke wa rediyo gaba ɗaya, to za ta kulle kanta, kuma ba za ta sake yin magana ba sai an shigar mata da lambar sirrin da aka ba wanda ya fara sayen motar. An yi haka ne domin a kashe kasuwar ɓarayin rediyo, tunda wanda ya ɓalle ta daga mota dole ya tsinke mata wuta, kuma rediyon da ba ta aiki ba ta da mai saye.

Matsalar ita ce rediyo ba ta iya bambance ɓarawo da mai mota. Akwai wata waya da ke kai mata wuta kai tsaye daga batir ko da an zare makulli, kuma da wannan 'yar wutar take riƙe abin da aka adana mata. Da zarar an kwance kan batir, sai ta ɗauka an sace ta. Mutum ya ɗaura sabon batir, ya tayar da mota lafiya lau, sai ya ga allon rediyo ya rubuta CODE, ko SAFE idan Volkswagen ce.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin sai su shiga cankar lamba. Ƙa'idar ta tanadi hukunci a kan haka: bayan an yi kuskure 'yan lokuta, rediyon takan daina karɓar komai har sai an bar ta a kunne na wani lokaci, wanda a wasu motocin yakan kai awa guda, a wasu kuma yawan kuskure yakan rufe ta har sai an kai wa wakilin kamfani. Lambar Ford da Renault da Volkswagen yawanci alƙaluma 4 ce, ta Honda kuwa 5, don haka canke ɓata lokaci ne.

Saboda haka nake ganin matakin farko, kafin a taɓa sifana, shi ne a nemo lambar. Takan zo a kan wani ɗan kati cikin littafin mota, wani lokaci kuma a kan takardar da aka manna cikin akwatin gaban fasinja. Idan ta ɓace, kamar yadda takan faru ga motar da ta bi hannuwa da yawa, wakilin kamfani zai iya ciro ta, amma sai an nuna masa shaidar mallakar mota, da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, da kuma lambar da ke jikin rediyon kanta. Wannan sharaɗin yakan ɓata wa mutane rai, sai dai ban ga laifinsa ba, domin da kowa zai samu lambar da fatar baki, da kariyar ba ta da amfani. A Honda da yawa, idan aka danne maɓalli na 1 da na 6 tare sannan aka kunna rediyo, lambar jikinta (ba lambar sirrin ba) takan bayyana a allo ba sai an ciro rediyon ba.

Hanya ta biyu ita ce kada a bari wutar ta yanke ko kaɗan. Akwai 'yar na'ura da ake haɗawa da wani batir mai volt 12, a cusa bakinta a soket ɗin OBD-II, wato inda makanikai ke haɗa na'urar binciken mota, mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ƙafarsa ta 16 take haɗe da batir a kowane lokaci. Akwai kuma wadda ake sawa a ramin kunna sigari, amma ba ta amfani sai a motar da ramin ke da wuta bayan an zare makulli. A kashe injin, a kashe fitilu, a tabbatar fitilar cikin mota ba ta ci, a haɗa na'urar, sannan a fara kwance wayar da ke kan mai alamar ragi, a bi da mai alamar tarawa. Wayar mai alamar tarawa tana ɗauke da wuta muddin na'urar tana haɗe, don haka a naɗe bakinta da busasshen tsumma ko roba, kada ya taɓa ƙarfen mota ya ƙona fis. Wajen ɗaurawa kuma a fara da mai alamar tarawa.

Akwai masu cewa a bar injin yana aiki a cire batir. Kada a yi haka, domin batir ne ke daidaita wutar da altaneta ke turowa, kuma idan babu shi wutar tana iya hauhawa ta lalata kwamfutar motar, wadda ta fi rediyo tsada nesa ba kusa ba.

Yawancin sababbin motoci sun sauƙaƙa lamarin, domin rediyonsu takan gane kwamfutar motar da aka ɗaura ta a ciki ta buɗe da kanta, kuma littafin mota ne zai nuna ko taka tana cikinsu.