Gwajin Leƙa Babban Hanji: Rabin Aikin A Gida Ake Yin Sa

Jama'a, assalamu alaikum.

Idan likita ya rubuta wa mutum gwajin leƙa babban hanji, wato kolonoskofi, abin da ke fara faɗo masa a rai kunya ce da tsoron ciwo. Mu ma'aikatan lafiya kuwa, abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya daban ne. Mutum ya biya kuɗi, ya yi sammako daga wani gari, a kwantar da shi, a zura na'ura, sai a tarar hanjin bai wanku ba. Likita bai ga abin da yake nema ba, dole a sake sa wata rana. Kuɗi sun tafi, wahala ta ninku. Wani lokacin ma abin da ya fi wannan muni ke faruwa: a yi gwajin a haka, ƙaramin tsiro ya ɓuya a ƙarƙashin ragowar bayan gida, a sallami mutum yana murna alhali da sauran magana.

Gwajin kansa bai da tsawo. Siririn bututu ne mai lanƙwasuwa, kaurinsa kamar yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Ta dubura ake shigar da shi, a bi babban hanji wanda tsawonsa ya kai kusan mita ɗaya da rabi, likita yana kallo a allo. Yawanci minti 30 zuwa awa ɗaya an gama. Ana yin allurar rage zafi da sa gyangyaɗi, mutane da yawa ma ba sa tuna abin da ya faru. Ana rufe jiki, wurin aikin kawai ake buɗewa. Macen da ta fi son mace ta tsaya a kanta, ta faɗa tun ranar karɓar takarda, wannan haƙƙinta ne ta nema. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna yin wannan gwaji.

Me ya sa muke matsa wa mutane? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kansar babban hanji ita ce ta uku a yawa cikin cututtukan daji, kuma ta biyu wajen kisa. Galibi tana farawa ne da ɗan tsiro wanda ba ya ciwo, ya shafe shekaru kafin ya rikiɗe. Idan an gan shi a lokacin gwajin, nan take ake cire shi. A wajenmu, duk jinin da aka gani a bayan gida sai a ce basir ne, a shiga shan jiƙe-jiƙe shekara da shekaru. E, basir yana zubar da jini. Amma jini tare da rama, ko ƙarancin jini da ba a san dalilinsa ba, ko gudawa da taurin ciki suna karɓa-karɓa na makonni, waɗannan sai an leƙa. A Amurka yanzu daga shekara 45 ake fara gwajin ko mutum lafiyarsa ƙalau. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan uwansa na jini ya yi wannan cuta, shi tun yana 40 ake so ya fara, ko ma kafin haka.

To, mu zo kan shiri, domin nan ne maganar take.

Tun saura mako guda, ku kwashi duk magungunan da kuke sha ku kai wa likita ya gani da idonsa. Ƙwayar ƙarin jini akan dakatar da ita kamar kwana bakwai kafin gwaji, saboda tana baƙanta bayan gida ta sa ya manne a jikin hanji. Masu shan maganin tsinka jini irin su wafarin, kada ku daina da kanku, kada kuma ku ɓoye. Likita ne zai faɗi ranar tsayawa da ranar komawa. Masu ciwon suga, za ku yi yini guda ba abinci, don haka dole a gyara muku awon ƙwaya ko na allurar insulin, in ba haka ba suga zai faɗi. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya, da mace mai ciki, su faɗa tun farko, domin ba kowane maganin wanke ciki ne ya dace da su ba.

Saura kwana uku, sai a sauya abinci. A ajiye wake, gyaɗa, riɗi, zogale, rama, kuɓewa, miyar kuka, dambu, fura, kankana, gwaba, da duk wani abu mai ƙwaya, ɓawo ko dusa. Abinci ne masu amfani a sauran ranaku, amma suna daɗewa a hanji, kuma 'ya'yan kuɓewa ko na tumatir suna iya toshe bakin na'urar. A koma farar shinkafa, farin burodi, taliya, ƙwai, kifi da kaza.

Ana gobe gwaji, ruwa-ruwa kawai, kuma wanda ido ke iya ratsawa. Ku zuba a kofin gilashi: idan kuna hango yatsunku ta ɗaya gefen, ya yi. Ruwa, shayi ba madara, romon kaza da aka tace tas ba mai ba kayan miya, lemon kwalba marar launi, ruwan gishiri da suga. Koko, kunu, nono da madara ba sa ciki, duk da cewa sha ake yi. Zoɓo kuma a nisance shi ƙwarai, shi da duk wani abin sha ja, saboda launinsa a cikin hanji yana kama da jini. Wannan rana ba ta kame baki ba ce. Sha ake so a yi ta yi. Idan ranar gwajin ta faɗo a cikin watan azumi, ku tattauna da likita tun da wuri.

Sai maganin wanke ciki. Wanda aka fi bayarwa gari ne da ake damawa a ruwa lita biyu zuwa huɗu, gwargwadon irinsa. Asibitoci da yawa suna raba shi biyu, rabi da yamma, rabi da asubar ranar gwaji, kuma hakan ya fi wanke hanji. Babu daɗi, gaskiya, ɗan gishiri-gishiri ne da shi. Ku sa shi ya yi sanyi, ku riƙa shan kofi ɗaya duk bayan minti 10 zuwa 15. In zuciya ta tashi, a huta rabin awa a ci gaba. Abin da nake roƙonku shi ne ku shanye shi duka. Mutane da yawa da sun zaga sau uku ko huɗu sai su ce ai ciki ya wanku, su ture sauran. Bai wanku ba. Alamar gamawa ita ce abin da ke fita ya zama ruwa garai-garai, ɗan rawaya kamar fitsari, babu gudaji. Kuma kada a musanya shi da filasko ko wani jiƙo na gida.

Ku zauna kusa da banɗaki, ku tanadi ruwa a buta, ku shafa basilin a dubura tun kafin wurin ya fara zafi. Tsoho kada a bar shi shi kaɗai a wannan dare, jiri na iya kayar da shi. Lokacin da takardar asibiti ta ce a daina shan komai, a daina. Yawanci awa biyu zuwa huɗu ne kafin gwaji.

Ku zo da ɗan rakiya babba mai hankali. Bayan allurar, har awa 24 ba tuƙa mota, ba tuƙa babur, ba aiki da inji, ba sa hannu a takardar ciniki, ko da mutum yana jin ya wartsake.

Bayan an gama za ku ji ciki ya kumbura, saboda iskar da aka hura don hanji ya buɗe. Ku ɗan taka, ku saki iskar, babu abin kunya a ciki. A fara da abinci mai sauƙi, a sha ruwa sosai. Kwana ɗaya ko biyu ba a yi bayan gida ba, ba matsala ba ce. Idan an cire tsiro ko an ɗebi ɗan nama don awo, ganin ɗigon jini kaɗan ba abin tashin hankali ba ne. Sakamakon awon naman yakan ɗauki kwanaki ko makonni. Ku koma ku karɓa, ku kai wa likitan da ya turo ku, ku tambaye shi yaushe za a sake gwajin. Wanda aka tarar hanjinsa lafiya lau, akan ba shi shekara 10.

Matsala mai tsanani ba ta cika faruwa ba, amma hanji na iya hujewa, ko jini ya ɓalle daga inda aka cire tsiro, har bayan mako biyu. Ciwon ciki mai tsanani da ke ƙaruwa, ciki ya yi tauri, zazzaɓi, amai ba ƙaƙƙautawa, jini mai yawa ko gudaji-gudaji, jiri ko suma: duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kai shi sashen gaggawa a lokacin, ko da tsakar dare ne, a riƙe takardar gwajin a hannu, a kuma faɗa wa ma'aikata ranar da aka yi shi.

Allah Ya ƙara mana lafiya.