Banu Mushtaq da "Fitilar Zuciya": tambayoyi kan littafin da ya ci kyautar Booker ta 2025

A daren 20 ga Mayu, 2025, a birnin Landan, aka kira sunan wata dattijuwa 'yar shekara 77 daga kudancin Indiya a matsayin wadda ta ci kyautar Booker ta littattafan da aka fassara zuwa Turanci. Sunan littafin Heart Lamp, wato fitilar zuciya. Ga abubuwan da mai karatu zai so ya sani a kansa.

Wace ce Banu Mushtaq?

An haife ta a 1948 a garin Hassan da ke jihar Karnataka, cikin gidan Musulmi. Lauya ce, ta kuma yi shekaru tana aikin jarida da wata jaridar mako-mako mai suna Lankesh Patrike. Ta shiga harkar rubutu ne ta ƙofar wata tafiyar marubuta da ake kira Bandaya, ma'ana tawaye, wadda ta taso a ƙarshen shekarun 1970 don yin magana kan wariyar asali da zaluntar talaka. Mata ba su da yawa a cikin tafiyar, balle mace Musulma.

Aikin lauya ne ya ba ta jari. Matan da ke zuwa ofishinta da takardar saki a ƙulle a bakin mayafi, su ne suka koma mutanen cikin labaranta.

Da wane harshe ta rubuta? Ba Indiyanci ba ne?

Abin da muka saba kira Indiyanci, wato harshen finafinan Bombay, shi ne Hindi. Ita da Kannada take rubutu, harshen da ba dangin Hindi ba ne ko kusa. 'Yan uwansa su ne Tamil da Telugu da Malayalam. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna masu shi sun haura miliyan 43. Wanda ya kalli KGF na jarumi Yash, to da Kannada aka yi fim ɗin tun asali.

Abin sha'awa, Kannada ba shi ne harshen gidansu ba. Da wani karin Urdu da ake kira Dakhni ta tashi, sai da ta kai shekara takwas mahaifinta ya sa ta makarantar mishan inda ake koyarwa da Kannada.

Me ke cikin littafin?

Gajerun labarai ne 12, waɗanda ta rubuta tsakanin 1990 da 2023. Kusan duka a cikin gida suke faruwa: tsakar gida, madafa, ɗakin haihuwa, ƙofar masallaci.

Ɗauki labarin da littafin ya ci sunansa. Mehrun ta yi yaji ta koma gidansu saboda mijinta ya ɗauke ƙafa, hankalinsa ya koma kan wata ma'aikaciyar jinya. Ta zaci za a share mata hawaye. Ina! 'Yan uwanta maza ba abin da ya dame su sai abin da mutane za su ce, a ranar suka sa ta a mota suka mayar da ita ɗakinta. Cikin dare ta tashi ta kwarara wa jikinta kananzir, ga ashana a hannu. Babbar 'yarta ce ta farka, ta rungumo jaririyar ƙanwarta ta zo ta roƙe ta. Babu wa'azi a wurin, babu dogon bayani, sai warin kananzir da muryar yarinya. Marubuciyar ta taɓa faɗa wa 'yan jarida cewa ita ma ta tsinci kanta a irin wannan dare a farkon aurenta, mijinta ne ya hana ta.

Wani labarin kuma na Ashraf ne, wadda miji ya watsar da ita don 'ya'ya mata kawai take haifa. Ta yi ta sintiri wajen shugaban kwamitin masallaci tana neman haƙƙin ci da sha na yaranta, shi kuwa yau da gobe yake yi mata, domin mijin mutuminsa ne.

Kada a ɗauka kuka ne daga farko har ƙarshe. Akwai barkwanci da habaici sosai, musamman idan ta juyo kan manyan gari masu son a gan su a sahun gaba.

Ba irin rubutun nan ba ne na tona asirin Musulmi don a burge Turawa?

Tambaya ce da ta cancanta, don an sha ganin haka. Amma a nan lissafin bai fita ba. Ta yi sama da shekara talatin tana rubuta labaran nan da Kannada, don mutanen garinsu, tun babu wani Bature da ya san da ita. Kuma a cikin labarin Ashraf, wata mata mai ilimin addini ce ke zaunar da ita tana karanto mata haƙƙoƙin da shari'a ta ba ta. Rigimar marubuciyar da masu ɓoye wannan ilimi ne don biyan buƙatar kansu.

Ta ɗanɗana kuɗarta a kai. A shekarar 2000, bayan ta goyi bayan a bar mata su riƙa sallah a masallaci, an ƙaurace mata da iyalinta, har wani ya kai mata hari da wuƙa.

Inda zan ɗan yi ƙorafi: mazan cikin littafin sun cika kama da juna. Idan ka karanta labarai huɗu a jere, ka san abin da miji na biyar zai aikata.

Me ya sa aka raba kuɗin kyautar gida biyu?

Ƙa'idar ke nan tun 2016: rabi na marubuci, rabi na mai fassara. A 2025 kuɗin fam 50,000 ne. Deepa Bhasthi ce ta fassara, ita ce kuma 'yar Indiya ta farko da ta ci wannan kyauta a matsayin mai fassara. Littafin shi ne na farko daga Kannada da ya ci, kuma tarin gajerun labarai na farko.

Ta ci guminta. Ita ta zauna ta tsamo 12 daga cikin labarai kusan 50. Sannan ta ƙi goge wa littafin harshe. Kalmomin dangantaka, da na mamaki, da na addini, ta bar su yadda suke da Kannada da Urdu da Larabci, ba ta karkata haruffansu don nuna baƙi ne ba, ba ta kuma bi su da bayani a ƙasan shafi ba. Ka ƙaddara wani na fassara littafin Hausa, ya zo kan "kishiya" ko "yaji" ko "wayyo Allah". Idan ya ce lallai sai ya samo musu takwara a Turanci, za su fita salam, kamar miya ba daddawa. Ita sai ta bar wa mai karatu ya gane ma'ana daga yadda maganar ke tafiya. Ga Bahaushe ma abin da sauƙi, domin kalmomi irin su jama'a da janaza da iddah ba sa buƙatar tafinta.

An yi fim da labaranta?

An yi. Labarin Ashraf ne darakta Girish Kasaravalli ya mayar fim mai suna Hasina a 2004, kuma jarumar fim ɗin, Tara, ta ci kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasar Indiya da shi.

Akwai abin da ya haɗa wannan da adabin Hausa?

Akwai, kuma na zahiri. Wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, inda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, zai ji kamar ya san matan Banu tun da daɗewa. A 1990 ya fito, shekarar da labaran littafin Banu suka faro. Da aka tashi fitar da shi da Turanci a 2012, cikin fassarar Aliyu Kamal, ba Landan ce ta buga shi ba, ba kuma Legas ba. Wani ƙaramin kamfani ne mai suna Blaft a birnin Chennai, a jihar Tamil Nadu, wadda ke maƙwabtaka da jihar su Banu.