Balaga da ingancin ƙwai a ɗawisu

Ɗawisu tsuntsu ne mai jinkirin balaga. Kaza takan fara ƙwai tana da wata 5 ko 6, amma mai kiwon ɗawisu sai ya yi haƙurin shekara 2 zuwa 3 kafin ya ga ɗan tsako. Irin da aka fi kiwo a duniya, har da wanda ake gani a fadojin sarakuna da gidajen masu hali a ƙasar Hausa, shi ne shuɗin ɗawisu na Indiya da Siri Lanka, wanda Indiya ta ɗauka tsuntsun ƙasa a 1963. Akwai kore a Kudu maso Gabashin Asiya, da kuma na dajin Kwango, wanda masana ba su siffanta shi ba sai a 1936.

Macen takan fara ƙwai a shekara ta biyu. Wata takan yi ɗaya ko biyu tun tana 'yar shekara, amma da wuya a samu tsako a ciki. Namiji kuwa jelarsa ce shaidarsa. A shekarar farko kusan kamar mace yake, a ta biyu gashin ya fara tsawo amma babu idanu sosai, wato zanen nan mai kama da ido da yake kan gashin, sai a ta uku jelar take cika, ta kai mita ɗaya da rabi, da idanu sama da 100. Ɗan shekara 2 yana iya barbara, sai dai mata ba su cika kula shi ba idan akwai babba a kusa. Nan ne sabon mai kiwo yake yawan yin asara: ya sayi ƙananan tsuntsaye, ya ga ƙwai ya ɗauka kakarsa ta yanke saƙa, ƙarshe ya kwashe baragurbi.

Mace ce take zaɓe. Namiji yakan baza jela yana karkaɗa ta har gashin ya riƙa kaɗawa da ƙara, ita kuma ta wuce tana tsince-tsince kamar ba da ita ake ba. A binciken da wata masaniya mai suna Marion Petrie ta yi a gandun namun daji na Whipsnade a Ingila, wanda ya fito a 1991, an ga mata sun fi zuwa wurin mazan da suka fi yawan idanu. Wani binciken da aka yi a Japan, aka buga a 2008, bai ga haka ba, kuma har yau masana ba su daina jayayya a kai ba.

Haihuwar ɗawisu tana da lokacinta a shekara, a Indiya tana tafiya da damina. Da lokacin ya wuce, namiji yakan zubar da jelarsa gaba ɗaya, kuma ƙwan da aka yi bayan nan galibi fanko ne. Masu kiwo sukan haɗa namiji ɗaya da mata 3 zuwa 5, in sun fi haka wasu ba za a kai gare su ba. Rashin abinci mai gina jiki, tsutsar ciki, ƙuncin keji da haɗa 'yan uwa na jini duk suna rage ƙyanƙyasa.

Macen takan yi ƙwai da yamma, yau ta yi gobe ta huta, a ɗan ramin da ta tona a ƙasa. In an bar mata, ta tara 4 zuwa 8 ta kwanta. In ana kwashewa, tana iya kai wa 20 ko fiye a shekara ɗaya. Kwanci kwana 28 ne, kusan daidai da na zabo, shi ya sa dabarar sanya wa kaza ƙwan zabo take aiki a nan ma. A injin ƙyanƙyasa ana riƙe zafi a digiri 37.5 na ma'aunin Salsiyos, ana juya ƙwan kullum. Ƙwan da ya wuce mako guda a ajiye ƙarfinsa yana raguwa.

Daga waje ba a gane ƙwai mai ɗa. Bayan kwana 7 zuwa 10 da fara kwanci sai a shiga ɗaki mai duhu a haska shi da tocila: mai rai zai nuna ɗigo baƙi da jijiyoyin jini kamar saƙar gizo, fanko kuwa haske zai ratsa shi tas, sai inuwar gwaiduwa kawai. Wanda aka ga jan zobe a cikinsa, ɗan ya fara ya mutu, a fitar da shi kafin ya fashe ya ɓata sauran.